Furannin Gadon Barira a Bayan Kat-kat

Ku samarin da ke tsayawa bakin rumfata kuna cewa kejin fitilar mota ba sana'a ba ce, 'yan sandunan ƙarfe ne da noti, ku jawo tsohuwar tayar can ku zauna. Wanda ya faɗi haka bai taɓa kwance fitilar bayan kat-kat, motar nan ta jeji mai ja da ƙafa huɗu, ya riƙe ta a tafin hannunsa ba. Ni na riƙe. Samanta ja ne kamar lallen da ya kwana a ƙafa, tsakiyarta ruwan goro, ƙasanta fari tas. Motar da ke hawa tudun yashi tana wasa, ta ratsa gulbi ruwa na dukan ƙofarta, ita ce ke ɗauke da wannan abu mai rauni a bayanta, inda direba ba ya gani. Reshen ƙaya ya fasa ta, ƙahon bijimi ya fasa ta, gwiwar yaro ma ta fasa ta. Aikina shi ne in yi mata rigar ƙarfe da za ta tsare ta ba tare da ta tare mata haske ba.

Ban fara da mota ba, da gado na fara. Maigidana, Baba Nomau, gadajen amare yake ƙerawa a bayan babbar kasuwar Maraɗi, gadon ƙarfe mai allon kai da furanni. Yana da wani farantin ƙarfe da ya liƙa wa guntayen bututu, a jikinsu yake lanƙwasa rodi da sanyinsa, ba wuta, sai ka ga fure ya buɗe, ganye ya karkata, tsuntsu ya ɗaga baki. Na daɗe a wurinsa ban taɓa sandar walda ba. Magagari da fenti ne rabona. In na gama goge allo sai ya zare hularsa ya shafa ta a kan kowane haɗi. In zare ɗaya ya maƙale, aiki ya dawo sabo. Yakan ce, "Amarya ba ta san sunanka ba, Idi, amma ranar da tsini ya yagi zanenta za ta neme shi."

Kejin farko da ya zo hannuna ba ni na yi shi ba, gyara aka kawo. Lokacin an gama babban taron ƙasa a Yamai, jam'iyyu sun tsiro kamar ciyawar ruwan farko, kat-kat sun cika gari da tutoci da lasifika. Wannan motar kuwa ta wani ɗan ƙaramin asibitin Kiristoci ce daga wajen Tsibiri. Wani mai walda ya liƙa mata keji kai tsaye a jikin bodi, fitilar na ciki. Zafi ya narkar da gefenta ta yi kumburi, sannan da ƙwan ciki ya mutu aka rasa ta inda za a sa hannu a canza shi. Direban ya yi ta yawo da ido ɗaya har jandarmomin hanya suka san shi da suna. Da zarto na yanke kejin, a hankali, ina roƙon Allah kada hannu ya goce.

Daga wannan aikin na ɗauki ƙa'idata. Ba a walda a jikin mota. Da kwali ake ɗaukar siffar fitila, a yanka, a kawo kan benci a ƙera a can. Tsakanin keji da fitila a bar faɗin yatsu biyu, don in an bugi ƙarfe ya samu wurin lotsawa. Kejin da ya manne wa fitila shi da kansa zai fasa ta. Inda noti zai kama bodi a sa roba, ni daga tsohon silifa nake yanka tawa, don kada girgizar hanya ta ci fenti tsatsa ta samu ƙofa. Gefe ɗaya a yi masa hinji kamar na ƙyaure, ɗaya gefen noti, yadda mai mota zai buɗe ya canza ƙwai ko ya wanke. Wankin nan kuwa shi ne rabin rai. Motar da ta shiga gonakin rani na Jiratawa, baƙar laka takan cika bayan keji ta bushe kamar bulo, mai bin ka a baya ba ya ganin birkinka. A buɗe, a jiƙa da ruwa har lakar ta saki da kanta, a share da tsumma mai laushi. Wanda ya kankare ta a bushe ya dushe fitilarsa da hannunsa. Sai ɗan giris a noti, sai fenti bayan damina.

Akwai wani dillalin hatsi da kejinsa ya fi kowane keji shan fenti a garin nan. Na ƙera masa shi baƙi, yadda ya kamata, don baƙi ba ya gasa da hasken fitila. Ya dawo ya ce in shafa kalar jam'iyyarsa. Na shafa. Ba a daɗe ba manyansa suka ɓata da abokan ƙawancensu, ya bi wasu, ya dawo da gwangwanin wata kala a aljihun babbar riga. Da ya zo karo na gaba na ce masa fentin ya yi kauri har ya fara cin yatsu biyun da na bari, sai an kankare duka. Ya zauna kan bencin nan yana kallon kalolin na fita ɗaya bayan ɗaya, yana gaya mani wanda ya ci amanarsa a kowace kala. Kayan aikina a lokacin ba su fi a ɗauke su a buhu ɗaya ba, zarto, magagari, filaya, guduma, sifanoni, sai injin walda da wani tsoho ya naɗa mani da hannu a cikin akwatin katako. In ya yi zafi sai na yi masa fifita da murfin tukunya.

Na ci kasuwa a zaɓen farko, har na sa wa rumfar nan rufin kwano. Sai shekarar da aka wayi gari rediyo ta ce an karya darajar kuɗinmu, sefa. Duk abin da ke zuwa daga waje ya haura sama, fitilar kat-kat ta zama kamar zinariya, ɓarayi suka koma kwance ta da rana tsaka a bakin masallaci. Ma'aikata na yajin aiki, wuta na zuwa in ta ga dama. Kowa na son keji, rodi kuma masu shi sun kulle a sito suna jiran tsada ta ƙara tsada. Ga kasuwa a ƙofa, ga hannu babu ƙarfe. Na yanka tsoffin kujeru, na yanka ragar tagar ɗakina, har abin da zan yanka ya ƙare. Shekarar ba ta fita ba aka rushe majalisa, aka sake buga gangar kamfe.

A cikin wannan hali Ma'azu ya tsayar da motar Alhaji Mati a nan, daidai inda kuke zaune. Ma'azu abokina ne tun muna yara, direba mai sanyin ƙafa. Motar kuwa, ku yafe mani, ban sake ganin irinta ba. Doguwa ce, fara sol, mai faɗin ƙirji, in ta taho kan yashi rangwaɗa take yi kamar ta san ana kallonta. Alhaji haya yake ba 'yan takara ita su shiga ƙauyuka. A wurin mitin yara kan ɗare bayanta, su taka bamba, su dogara gwiwa a fitila, sai ka ji ƙas. An fasa, an saya, an sake fasawa. Wannan karon da ƙyar Alhaji ya samo wasu daga Katsina, kuma ya faɗa wa Ma'azu a gaban mutane cewa in suka fashe ya aje makulli. Ƙarfen keji kuwa ba ruwansa, direba ne ya san yadda zai tsare kayan da aka ba shi.

"Idi, Asabar muna Tsibiri, daga can Jiratawa," in ji Ma'azu. "Ka rufa mani asiri. Direbobi na nan zaune tasha suna jiran in yi tuntuɓe."

"Duba rumfar da kanka. In ka ga ƙarfen da ya kai tsawon cokali, naka ne."

Ya duba har ƙarƙashin benci. Ya tsaya yana auna ƙafar bencin da ido, na ce masa ta icce ce.

Washegari da hantsi sai ga amalanke, an ɗora masa wani abu mai faɗi an lulluɓe da zane. Barira matar Ma'azu na biye da shi, shi kuma yana can baya yana tafiya kamar wanda aka kama da akuyar mutane. Ta yaye zanen. Allon kan gadonta ne, shuɗi, da manyan furanni biyu ruwan zinariya, ganyaye sun nannaɗe su, a sama tsuntsaye biyu baki da baki. Hannun Baba Nomau ne, Allah ya jiƙansa. Fentin ma ina jin ni na shafa shi.

"Amarya, gadon naki kika kwance?"

"Amarya da ɗiya biyar? Malam Idi, bar zolaya. Mutumen nan ya kwana juyi yana nishi, ya hana kowa barci. Ga ƙarfe. Amma ka ji sharaɗina. Miƙaƙƙun sandunan ka yanka yadda kake so, fure kau ko ɗaya kar ka ɓata mani shi."

"Miƙaƙƙun ba su isa su rufe fitila biyu ba."

"To ka sa furannin a yadda suke."

Ma'azu ya dafe kai. "Motar Alhaji da furanni? Ke kin san Alhaji kuwa?"

"Na san hatsin da ya rage a buhu," ta ce, ta shimfiɗa tabarma a inuwa ta zauna.

Ban taɓa yin aikin da ya sa ni waƙa ni kaɗai kamar wannan ba. Na yanka kwali na ɗora kan allon ina zagayawa da shi, sai na ga abin da Allah ya shirya. Cibiyar kowane fure zobe ne buɗaɗɗe, faɗinsa ya yi daidai da wurin da ƙwan birki ke haskawa. Na raba allon ta tsakiya, na yi firam da miƙaƙƙun sandunan, na zaunar da fure a kan jan. Ganyaye suka zagaye ruwan goron sigina suka bar masa tsakiya, farin ƙasa na ba shi sanda ɗaya siririya. Tsuntsayen ne suka ba ni wahala. A gado bakinsu na taɓa juna, yanzu dole ɗaya ya koma dama ɗaya hagu, ga tayar ajiya rataye a ƙofar baya ta raba su. Na karkata wuyansu kaɗan yadda za su riƙa hangen juna ta samanta. Wuta ta ɗauke, na zauna da magagari. Wuta ta dawo, na yi tsalle kan walda kamar an yi mani haihuwa. Da na ɗauko baƙin fenti, Barira da ke tsinkar zogale a tabarmarta ta ce in mayar da shi inda na ɗauko. Tabon walda kawai na shafe, da shuɗi. Na zare hulata na bi kowane haɗi, zare bai maƙale ba.

Ranar Asabar da safe Alhaji Mati ya zo rumfar tare da ɗan takarar da ya ɗauki hayar motar, wani dogon malamin lakwal, makarantar boko ke nan, da ya aje alli ya shiga siyasa, kowa Mushe yake ce masa, wato malam a bakin Faransawa. Alhaji ya zagaya bayan motar, ya tsaya, ya cire tabarau ya goge ya mayar.

"Ma'azu, mi ne ne wanga?"

"Keji ne, Alhaji."

"Keji ne ko ɗakin amarya? Saura ka rataya mata labule, a jera kwanoni."

Mushe ya juya baya, kafaɗunsa na rawa. Wannan dariyar ce ta ɓata komai. Alhaji ya ce a kwance, aka ce ayari na jira a bakin gari, makaɗa ma sun riga sun wuce. Ya nuna Ma'azu da carbi.

"Ku tafi. Amma in kun dawo, ta fashe ko ba ta fashe ba, ka aje mani makullina."

Na jefa filaya da guduma a jaka na shiga baya. Aikina ne, ba zan bari a gwada shi ba na wurin ba.

A Tsibiri muka tsaya a wani fili kusa da kasuwa. Mushe ya hau saman mota da lasifika, ya fuskanci mazan da ke tsaye gaba, ya fara zancen tsadar rayuwa. Ni ina baya ina gadin fitila. Wata tsohuwa mai tallan ƙuli-ƙuli ta zo wucewa, ta tsaya, ta sauke farantinta, ta kai hannu ta shafa ganyen.

"Wanga ai gadon Nomau ne na Maraɗi. Da irinshi aka kai ni, nawa kore ne." Ta waiwaya ta ƙwala wa maƙwabciyarta kira. "Ke Hajo, zo ki ga gadonki ya hau mota."

Nan da nan mata suka cika bayan motar, masu zanen jam'iyyar Mushe da masu zanen abokan hamayya, kowa na ba da labarin nata gadon. Wannan an sayar da nata a shekarar yunwa, waccan nata na nan an ɗaure ƙafarsa da waya. Ma'azu, da ya ga ai makulli ya riga ya tafi, sai ya taka birki. Furannin biyu suka kama da ja lokaci ɗaya, kamar an hura musu rai. Wata ta rangaɗa guɗa, sauran suka karɓa. Makaɗa suka bar gaba suka dawo baya, kiɗan siyasa ya koma na kai amarya. Yaran da suka saba ɗarewa bamba ko kusa ba su samu ba, duk wanda ya ɗaga ƙafa sai ya ji ranƙwashi, ana ce masa gadon mutane ba wurin hawa ba ne. Mushe ya ga taronsa ya koma bayansa, ya juya da lasifikarsa ya ƙarasa jawabi ta can. Ban san abin da ya ce ba. Ina jin shi ma bai sani ba.

Labari ya riga mu isa Jiratawa. Mata suka fito daga gonakin zogale ƙafafu duk laka, suka raka mu da tafi. A nan aka yi wa kejin jarrabawa ta gaske. Hanyar da ke tsakanin gonaki siririya ce, magudanar ruwa dama da hagu. Ma'azu na ja da baya don ya juya, ga amalanken shanu an kwance shi an bar sandarsa a miƙe. Na ji ƙarar har cikin haƙorina. Na dira na zagaya ina salati. Ganye ɗaya ya lotsa ciki, ya cinye yatsun nan biyu, ya tsaya saura kaurin takarda. Fitilar ko tsagewa ba ta yi ba. Na rungume Ma'azu muka yi ta tsalle cikin laka, manyan mutane da gemu.

Washegari motar na rumfata, ina miƙe ganyen da filaya, ina jiƙa lakar da ta shiga baya. Alhaji ya zo fuskarsa a sake. Mushe ya ce ba ya son wata mota sai mai furanni har a yi zaɓe, wasu jam'iyyun ma sun aiko suna tambaya. Na ɗauka magana ta wuce. Sai Alhaji ya miƙa wa Ma'azu hannu.

"Furanni su zauna, sun yi albarka. Amma kai ka sa an yi mani dariya gaban baƙo, kuma ni magana ɗaya nika yi. Ɗan ƙanwata ya iya tuƙi."

Ma'azu ya zaro makulli ya sa masa a hannu.

Barira ta zo kawo wa mijinta fura, ta ji komai daga bakin rumfa. Ta aje ƙwaryar, ta durƙusa ta gaida Alhaji yadda ya kamata, ta tambayi iyali da gajiya, sannan ta miƙe ta juyo wurina.

"Malam Idi, wace sifana ke kwance notin nan?"

"Lamba goma sha uku."

"Miƙo."

Alhaji ya ce, "Ke kuma wace ce? Mi za ki kwance?"

"Matar direban da ka sallama ce, Alhaji. Gadona zan ɗauka. Uwata ta yi mani shi da gumin gyaɗarta. Maigidana na ara ma, ban ara ma mota ba."

"To faɗi, in saya."

"Alhaji, in ka koma gida tambayi Hajiya ko nata na saidawa ne."

Ya juyo kaina. "Kai, ƙera mani wani irinshi."

"In ka kawo ƙarfe zan ƙera, Alhaji. Amma gobe kuna da mitin, fentin kaɗai sai ya kwana."

Ta ɗora sifanar kan notin. Ni na sa masa giris, ya juya a hannunta kamar man shanu. Kejin dama ya buɗe kamar ƙyaure, tsuntsun ya kau da kai daga ɗan'uwansa. Masu kabu-kabu da ke inuwar iccen bedi suka taso suka kewaye mu. Ta nufi notin hinji. Alhaji ya dubi fitilar da ya sha wuyar samowa tana tsirara, ya dubi taron, ya dubi makullin da ke hannunsa. Sai ya fashe da dariya har carbinsa ya faɗi.

"Ma'azu, a mota kai ne direba, a gida kam mun ga mai sitiyari. Amshi. Ki mayar, 'yar nan, ki mayar."

Ta jira har makullin ya shiga aljihun mijinta, sannan ta rufe kejin ta ɗaure notin da kanta, ta ƙara masa juyi don ya zauna. Na miƙa hannu in karɓi sifanata. Ta dube ni, ta dubi Alhaji, ta ƙulle ta a gefen zanenta.

"Wagga ta zauna wajena, Malam Idi. Ba a san gobe ba."

Ma'azu ya tuƙa motar nan har injinta ya gaji. Aka yi zaɓe, soja suka karɓa, aka sake wani zaɓen, makulli na aljihunsa. Sifana lamba goma sha uku kuwa ba ta dawo ba. Mai son koyon aikin nan a cikinku, ya zo gobe da tasa sifanar.